Filin Tambaya da Amsa: Basfar Baba ta shekara 12 a zaure, ta ina zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, sannu da ƙoƙari. Ni ma'aikaci ne a Zariya, mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya rasu ya bar wata tsohuwar Vespa, mu dai Basfa muke ce mata, da ita yake zuwa makarantar da yake koyarwa tun ba a haife ni ba, yanzu ta kai shekara 12 a jingine a zaure har kaji sun sha yin ƙwai a ƙarƙashinta. Da aka zo rabon gado 'yan'uwa suka ce a sayar wa 'yan gwangwan, ni kuma na ce a yi mata kuɗi a cire a kasona. So nake in tashe ta da hannuna ranakun Asabar da Lahadi, ba wai ba ni da abin hawa ba ne, sha'awa ce kawai. Har na samu mai fenti ya ce zai fesa min ita ja ta dawo fil. In fara da fentin ne? Kuma ana samun kayanta kuwa har yanzu? Daga wani makaranci a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa, kai kuma Allah ya yi maka albarka da ka hana a auna ta a sikeli. Amma ɗan'uwa don Allah ka ba mai fentin nan haƙuri tukuna, ka ce masa sai ka neme shi. Fenti shi ne aikin ƙarshe, ni da kaina na yi wannan gangancin shi ya sa nake gaya maka, tawa na fara kai ta wajen wani mai fenti ya shafe min tsatsa da fila ya fesa shuɗi mai ƙyalli, ko wata takwas ba a yi ba damina ɗaya ta wuce fentin ya fara kumbura kamar ƙurajen zafi, da na danna wajen da yatsa sai ga rami. Kuɗi biyu na kashe.

Abin da ya sa kuwa, ita Basfa ba kamar sauran babura ba ce da suke da firam na bututu a ciki sannan a rufa musu roba. Ita jikin nan na ƙarfe da kake gani shi ne ƙashin bayanta, in ya ruɓe to babur ɗin ne ya ruɓe. Wanda ya zana ta ma a Italiya a 1946, Corradino D'Ascanio, injiniyan jirgin sama ne kuma ba ya ƙaunar babur, shi ya sa ya yi wa kamfanin Piaggio abu mara sarƙa, mai garkuwa a gaba, tayar gaba kuma a rataye ta gefe ɗaya irin ƙafar jirgi. Sunan ma da Italiyanci zanzaro yake nufi, kalli ƙugunta za ka gane. Kuma ka ga dalilin da ya sa iyayenmu suka so ta ke nan, mutum ya sha babbar rigarsa ya zura ƙafa ya zauna, ba sai ya ɗaga ƙafa ya haye ba, ba sarƙar da za ta cinye masa gefen riga. Da ƙarin albashin Udoji na 1974 ya fito zamanin Gowon, malaman makaranta da akawuna da yawa ita suka saya, ba mamaki ta Baba ma 'yar lokacin ce.

To abu na farko, fito da ita tsakar gida ka wanke ta tas, ka kwantar da ita a kan tsohuwar katifa ka duba ƙarƙashin inda ake ɗora ƙafa. Ɗauki sukudireba ka dinga caccakawa, musamman wajen da jak yake ɗaure, da gefen fedar birki, da dogon tudun nan na tsakiya da wayoyi suke bi ta cikinsa. In ƙarfen yana amsawa ƙwas ƙwas ka gode Allah. In sukudireba ta shige, sai an yanke wajen an walda sabon ƙarfe, kar ka yarda kowa ya ce maka fila za ta riƙe. Daga nan ka tsaya ta bayanta ka saita ido, tayar gaba da ta baya suna layi ɗaya? In Baba ya taɓa cin karo da ita za ka ga ƙarfen ya tattare a gindin wuya, wannan aikin mai gyaran jiki ne na gaske ba na yaron shago ba.

Sai ka nemo lambar jikinta, tana nan a buge a ƙarƙashin murfin gefe, ta injin kuma a jikin injin. Haruffan farko su za su gaya maka wacce ce. VBC1T ita ce Super 150 mai ƙananan taya inci 8, VLB1T kuma Sprint 150 mai taya inci 10, dukkansu daga 1965 aka fara su. In ka ga VLX1T to PX 150 ce, dangin PX sun fito ne daga 1977. Rubuta lambar a wayarka, don in ka je sayen kaya ka ce "na Basfa" kawai, abin da ke hannun mai shago shi zai miƙo maka.

Batun kaya kuwa kwantar da hankalinka, akwai. Sa'ar da aka yi ita ce Indiya. Kamfanin Bajaj ya yi ta ƙera Vespa da lasisi har 1971, daga 1972 ya ci gaba da tasa mai suna Chetak wadda daga Sprint aka kwaikwayo ta, an fi shekara 30 ana yin ta, shi kuma LML ya ƙera irin PX, don haka kayansu da yawa suna hawa naka. Na hannu kuma ka leƙa Panteka a Kaduna tunda kusa take da kai, ko Kofar Ruwa in ka shiga Kano. Amma ka tafi da tsohon a hannu ka gwada su gefe da gefe. Kuma ka nemi tsohon bakaniken Basfa, irin dattawan nan da suka rage ɗaya ɗaya a gari, ka dinga kai masa goro kana zama a bencinsa, abin da zai nuna maka a yini ɗaya ba za ka same shi a bidiyo goma ba.

Yanzu inji. Kar ka buga kik da ƙarfi. Cire filogi ka zuba ɗan mai ta ramin, ka juya fankar injin da hannu. In ta juya, madalla. In ta ƙi, fistin ya kama, ka cika ramin da kalanzir ko gas ka bar shi kwana uku zuwa mako kana ɗan jijjigawa kullum, ban da guduma. Tanki kuma cire shi za ka yi gaba ɗaya, fetur ɗin shekara 12 ya zama ƙaro, zuba notuna da kalanzir ka yi ta girgizawa har tsatsar ta fita, ka sake tiyon mai, ka kwance kafireta ka busa kowane jet, wato 'yan notunan nan masu ƙaramin rami da mai yake bi. Wataƙila daga nan ma ta tashi, kuma ranar da ta tashi na san sai ka yi ƙwalla don ƙarar da kake ji da safe kana yaro ce.

Sai dai tashin nan kar ya ruɗe ka. Akwai robobi biyu da suke tare bakin kiranshaf, oyil sil, kuma roba ba ta shekara 12 a zaune ba ta bushe ba. In na gefen fanka ya mutu injin zai dinga shaƙar iska ta ɓarauniyar hanya, ka saki totur amma ya ƙi sauka, ya yi zafi, ƙarshe fistin ya kama kana tsakiyar titi. In na gefen kuloci ne sai ya dinga zuƙe man giya yana turnuƙe unguwa da hayaƙi. Ni shawarata a raba injin biyu sau ɗaya a huta, a sa sabbin sil da boris da gaskit, a duba ɗan ƙarfen nan mai kama da kuros da yake zaɓar giya, shi ne in ya cinye za ka ji giya tana fita da kanta. Ka lura tiredinsa na hagu ne, mutane da yawa sun karya shi suna zaton kwancewa suke. Duk abin da ka cire ka ɗauki hotonsa kafin ka cire, notuna kuma a gwangwanin madara daban daban da rubutu, in ba haka ba wata uku nan gaba za ka zauna kana kallon wasu notuna ba ka san gidansu ba.

Tayoyi ka zubar ko da zanensu bai cinye ba. Wilin Basfa gida biyu ne da aka haɗa da notuna, to ka sace iskar gaba ɗaya kafin ka taɓa notunan, in ba haka ba zai iya tashi da fuskarka. Wayoyin kuloci da giya biyu da birki duk sababbi. Ka hau ta haka da munin ta wata ɗaya ko biyu, tana tashi tana tsayawa, sannan a tuɓe ta a kankare har ƙarfe a fesa.

Kalar kuma taka ce ba ni da ta cewa, amma da ni ne zan ɗaga kujera in duba asalin kalar da rana ba ta ci ba, in mayar mata da ita. Jar Basfa kowa zai iya saya. In akwai tsohuwar sitika ko lambar Baba ta da, ajiye su.

TAMBAYA: Yaya ina wuni. Ni ɗan Maraɗi ne, ina da PX 150 tana lafiya lau amma yaran unguwa masu sababbin babura suna wuce ni suna dariya. Na ji ana sa mata babban bulok girman injin ya koma cc 177, ina so in sa, in sa salansa mai ƙara, in cire murafun gefe injin ya fito fili. Me ka gani?

AMSA: Lafiya lau ƙanena. Ana yi, kamfanonin Italiya irin su Polini da Malossi da Pinasco duk suna yin sa. Faɗin fistin naka milimita 57.8 ne, na kit ɗin 63, tafiyar fistin tana nan a 57 ɗinta, shi ne lissafin yake ba da 177. Za ka ji bambanci sosai musamman in ka ɗauko mutum ko a hawa. Amma bulok ɗin kaɗai ba ya aiki, dole a ƙara girman babban jet na kafireta, in ka ƙara salansa ma a sake ƙarawa, don injin da ya samu iska da yawa fetur kaɗan ƙonewa yake, ga zafin Maraɗi a watan Afrilu. Yadda za ka gane, yi gudu ka kashe ka ciro filogi, in bakinsa ruwan ƙasa ne kamar shayi da madara daidai ne, in fari ne fat tsaya nan ka ƙara jet. Kilomita 500 na farko kuma lallaɓa ta za ka yi.

Murafun gefe cire abinka in kana so, ado ne, sai dai ka adana su don wata rana za ka neme su. Amma hular da ta rufe kan silinda kar ka kuskura, ita take tattara iskar fanka ta kai wa injin, in babu ita fankar banza take yi. Kuma kafin ka sayi gudu ka tambayi birkinka, PX sai a 1998 ta samu birkin faifai a gaba, in taka ta girmi haka to ganga ce gaba da baya, ka sa sababbin takalman birki ka sayi hular kwano. Salansa mai ƙara kuwa ni ba na so, maƙwabtanka ma in ka fita sallar asuba ba za su so ba.

TAMBAYA: Malam wai dole sai man 2T? Mu nan baƙin man mota muke ɗan tsiyayawa a tanki da ido, kuma tana tafiya. Daga wani mai Sprint a Gusau.

AMSA: Tana tafiya mana Alhaji, amma kwance salansarka ka ɗaga ka ji nauyinta, duk gawayin man motar ne ya toshe ta, shi ne kuma yake kashe maka filogi yana manne ringi. Man mota ba don a ƙona shi aka yi shi ba, 2T kuwa don haka aka yi shi. Awon Sprint da Super da PX kashi 2 cikin 100 ne, wato mililita 20 a kowace lita, in ka sha lita 5 ka zuba 100. Sayi babban sirinji a kemis ka jefa a akwatin babur, ka rufe famfon mai kafin ka zuba, ka ɗan girgiza ta su haɗu. Masu PX da take da tankin 2T nata daban mai ɗan gilashi a ƙasan kujera su ba sa haɗawa, ita take auna wa kanta. Na giya kuma daban ne, SAE 30, kwatan lita ya ishe ta, ka zuba har ya fara dawowa ta ramin da kake zubawa sai ka ɗaure.