Sun ce kada in kai waƙata gun manya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara uku ke nan ina rubuta waƙa, ina sakawa a Facebook, ana yabawa. Kwanaki na kai wa wani dattijon sha'iri wata ƙwar biyar (waƙa mai ɗango, wato layi, biyar a kowane baiti) da nake ji da ita, ya rera ta sau ɗaya, ya ce baiti huɗu cikin goma sha biyu sun karye. Tun ranar na kasa rubuta ko ɗango guda. Ƙawayena sun ce ni na ja wa kaina, wai waƙa baiwa ce ba a koyonta, kuma tsofaffi salon mutum suke kashewa. In koma wurinsa ne, ko in ci gaba ni kaɗai?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki koma, kuma kada ki bari mako ya zagayo. Wanda ya saurari waƙarki har ya ɗora yatsa a kan inda ta gurgunce ya fi miki mutum dubu masu rubuta "Allah ya ƙara basira" alhali ko baiti na biyu ba su kai ba.

Wannan magana ta "baiwa ce, ba a koyo" kuwa, kusan kullum sai na ji ta, kuma ta kassara matasa masu yawa. Ba wanda ya musa baiwa. Amma baiwa tana ba ki abin faɗa ne da kunne mai jin daɗin sauti, ba ta gaya miki cewa kalmar da kika sa a tsakiyar ɗango ta fi gurbinta nauyi. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali. Ki duba "suna" na yanka da "suna" na suna zuwa: a takarda abu guda ne, a baki kuwa gaɓar farko ta ɗaya mai nauyi ce, ta ɗayan marar nauyi. Mai auna waƙa da ido sai ya ga komai lafiya lau, tunda amsa-amo ya faɗo daidai a ƙarshen kowane baiti. Sai an rera sannan kari, wato awon waƙar, ya tona asiri. Kunnenki kuma ba zai kama ki ba, domin duk sanda kike rera abinki, kina ja inda ya gaza, kina haɗiye inda ya yi yawa, ba tare da kin sani ba. Dole sai kunnen wani.

Masu cewa magabata ba su yi karatun aruli, wato ilimin awon waƙa, ba, gaskiya ne a wani gefe. Larabawa sun daɗe suna waƙa kafin Halilu ɗan Ahmad na Basra ya fitar da ma'aunai 15, daga baya Ahfash ya cika na 16. To amma waɗancan sha'iran a hannun wa suka tashi? Kowane babban sha'iri yana da mai haddace masa waƙa yana yaɗa ta, kuma nan ce makarantar. Zuhairu ɗan Abi Sulma ya riƙe wa Ausu ɗan Hajar waƙoƙinsa, shi kuma Zuhairu ɗansa Ka'abu da Huɗai'a suka riƙe masa, dukkansu suka zama manya. Zuhairun nan an san shi da shafe shekara yana sassaƙar ƙasida kafin ya fito da ita. Mu yau da asuba a rubuta, da hantsi a saka, da azahar a ji haushin wanda ya ce akwai gyara. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi waƙa da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma a gaban mahaifinta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da malaman gidansu ta yi karatu. Wa zai ce ba ta da baiwa? Shi kansa tahamisi, inda ake ɗora ɗango uku a kan biyun wani, ai zama ne a gaban magabaci: dole ki shiga karinsa da amsa-amonsa, ki tafi da jigonsa ba tare da an ga ɗinki ba.

Batun kashe salo kuma, salon da gyaran baiti huɗu zai kashe da ma bai tsaya da ƙafarsa ba. Malaman adabi suna kawo labarin sha'irin Larabci Abu Nuwas, cewa malaminsa Halaf ya hana shi waƙa sai ya haddace dubu na magabata, da ya haddace kuma ya ce ya je ya manta su. Za ki yi kama da dattijon nan na ɗan lokaci, kamar yadda kowane almajiri yake yi, sannan muryarki ta fito.

Sai dai furfura ba ijaza ba ce. Akwai waɗanda suka naɗa wa kansu sarautar waƙa a WhatsApp, suna karɓar kuɗin rajista, suna raba takardar shaida, ga su ba za su iya bambanta karin Kamil da karin Rajaz ba. Akwai mai karɓar waƙar yarinya ya sake ta gaba ɗaya da kalmominsa, ya ce ya gyara. Akwai ma wanda ba waƙar yake so ba, kin dai gane, don haka ki riƙa zuwa da rakiya. Na ƙwarai yana nuna miki gaɓar da ta ɓaci, ya faɗi dalili, ya bar miki neman kalmar da za ta zauna a gurbin. In ya soma cewa wannan jigon bai dace da mace ba, ko dole ki yi tunani irin nasa, ki karɓi awon ki bar masa ra'ayinsa.

Naki dattijon, bisa abin da kika faɗa, bai taɓa miki ma'ana ba, kari kawai ya duba. Ki ɗauki baitocin nan huɗu, ki roƙe shi ya rera su a hankali yana ƙwanƙwasa tebur, ke kuma ki sa alama a duk inda ya yi tuntuɓe. Sauran takwas ɗin da ya bari ma ki tambaye shi me ya sa suka tsaya.