Barewa da Albasa: Shin Hali a Jini Yake?

Wata mai karatu daga Gwammaja ta aiko da tambaya. Ɗanta mai shekara 7 yana da saurin fushi, uwar mijinta kuma kullum cewa take, "Ƙyale shi, haka ubansa yake, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Ita kuma tana jin ana cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. To wanne ne gaskiya?

Malama, duka biyun gaskiya ne, kowanne da abin da mai shi ya gani. Wanda ya yi maganar barewa kama ya gani tsakanin ɗa da mahaifi. Mai maganar albasa kuwa manomin fadama ne: ya shayar da ita ruwa mai sanyi wata da watanni, ta fito da yajin da ke sa hawaye. Ana faɗarsa idan ɗa ya saɓa wa halin gidansu.

Matsalar tana cikin kalmar gado, domin mun ɗora mata kaya da yawa. Gida gado ne, sana'a gado ce, abin da ke jini ma gado ne. Ki leƙa marinar Ƙofar Mata, za ki ga yaro hannunsa shuɗi har gwiwa, ya san lokacin da ruwan baba na rini ya nuna a karofi. Za a ce ya yi gado, alhali a gindin ubansa ya koya, ba a ciki aka haife shi da shi ba.

Na jini kuwa, masana sun gano kowannenmu yana ɗauke da ƙunshin ƙwayoyin gado 46, 23 daga uwa, 23 daga uba. Don a raba na jini da na reno, sai suka koma kan tagwaye. A 1979 Thomas Bouchard na Jami'ar Minnesota a Amurka ya fara bibiyar tagwaye masu kama ɗaya da aka rena a gidaje daban, ya tarar halayensu sun yi kusa ƙwarai. A 2015 aka tattara binciken tagwaye na shekara 50, aka samu kusan rabin bambancin da ke tsakanin mutane yana komawa ga gado. Rabi, Malama. Sauran yana ga reno, abokai, cuta, yunwa, da abin da mutum ya ci karo da shi. Kuma fushi ba kamar sikila ba ne, wadda ƙwayar gado guda ke haddasawa har a auna ta kafin aure. Ƙwayoyi masu ɗimbin yawa ne ke haɗuwa, kowace da ɗan tasirinta, shi ya sa 'yan ɗaki ɗaya suke fitowa wani mai sanyi, wani kamar wuta.

Gadon ma ba daga uba kaɗai yake zuwa ba. A hadisin Bukhari da Muslim, wani ya zo yana shakkar ɗansa saboda launinsa. Annabi (SAW) ya tambaye shi yadda aka yi raƙumi mai launin toka ya fito cikin jajayen raƙumansa, mutumin ya ce wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta fizgo shi. Annabi (SAW) ya ce masa wataƙila ɗan nan ma haka ne.

Wani daga Fagge ya tambayi bambancin hali da ɗabi'a. Duk daga Larabci muka aro su. Asalin ɗabi'a shi ne abin da aka buga wa hatimi, asalin hali kuwa yanayi mai sauyawa, kamar yadda muke cewa halin da ake ciki. Bahaushe ne ya ƙara masa nauyi har ya ce hali zanen dutse.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaukar karin maganar barewa a yanke wa yaro hukunci, ko a hana saurayi aure don laifin kakansa. Ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke danne fushi, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, ɗanki kuwa 7 gare shi. Ki lura ko fushin yana zuwa ne da yunwa, ko ƙarancin barci, ko bayan an yi faɗa a gabansa. Ki roƙi Hajiya cikin ladabi ta daina faɗar "haka ubansa yake" yaron yana ji, domin yara suna riƙe sunan da aka laƙaba musu.