Tambaya da Amsa: Na zuba Linux a filashi, kwamfuta ta ƙi tashi da shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tsohuwar laftof mai Windows 10, RAM ɗinta gigabait 4. Ta ƙi karɓar Windows 11, kuma na ji an daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro. Ƙanena ya ce in koma Linux. Na sauke fayil ɗin Ubuntu, wani nau'in Linux, na kwafe shi cikin filashi, na kashe kwamfutar na kunna, amma har yanzu Windows ce ke buɗewa. Ina matsalar take? Sannan hotunan yarana da takardun aikina za su tsira kuwa?
Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Abin da kika ji gaskiya ne. Microsoft ta rufe tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai ga waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi. Ita kuma Windows 11 tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da injin sarrafawa na baya-bayan nan, shi ya sa kwamfutoci masu lafiya ƙalau suke zaune an ce musu sun tsufa. Wannan abu yana ci mini rai, kuma shawarar ƙanenki tana kan hanya.

Tambayarki ta biyu zan fara amsawa, domin ita ce mai haɗari. Kafin ki taɓa komai, ki kwashe hotunan da takardun nan zuwa wani faifai na waje ko wani filashi daban. Bayan kin kwashe, ki cire shi, ki soka a wata kwamfutar, ki buɗe hotuna kaɗan da idonki ki tabbatar suna nan. Linux ba ya cin kayan kowa da gangan, amma a cikin girkawa akwai wurin da latsawa ɗaya ke shafe faifai ƙaf, kuma babu komawa baya.

To, sai dalilin ƙin tashin. Fayil ɗin da kika sauke, wanda sunansa ya ƙare da .iso, hoton faifai ne sukutum, har da sashen da kwamfuta ke fara karantawa idan an kunna ta. In aka kwafe shi kamar yadda ake kwafar waƙa ko takarda, kwamfuta ba ta ganin wannan sashe, sai ta wuce abinta zuwa Windows. Dole a rubuta shi a kan filashin da manhajar da aka yi don haka. A Windows na fi son Rufus: ƙarama ce, kyauta ce, ba ta ma buƙatar a girka ta. Akwai balenaEtcher ga mai son abu mai sauƙi, akwai kuma Ventoy, wadda in kin shirya filashi da ita sau ɗaya, daga nan kwafar da kika yi da farko za ta yi aiki.

Amma ina da ja a kan zaɓin Ubuntu. Kamfanin Canonical ke fitar da shi tun 2004, kuma duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu, yana fitar da bugu mai alamar LTS da ake kula da shi shekara biyar. Abu ne mai kyau, sai dai RAM gigabait 4 shi ne ƙarshen ƙasa na abin da bugun 24.04 ke nema, wato zai tashi amma da nishi. Da ni ne, Linux Mint zan ɗauka, bugun Xfce mai sauƙin nauyi. A kan Ubuntu aka gina shi, yana iya aiki da gigabait 2, fuskarsa ta yi kama da wadda kika saba, ga shi fayil ɗinsa kusan gigabait 3 ne, na Ubuntu kuwa ya kusa 6. Ki sauke daga shafinsu na asali kawai.

Akwai matakin da kusan kowa ke tsallakewa, ni kuwa ba na yarda a tsallake shi. Intanet na iya yankewa fayil ya sauka da rauni, girmansa daidai a ido amma cikinsa a lalace, sai girkawa ta yi rabi ta tsaya. Ta shafin saukewa za ki samu wata doguwar lamba mai suna SHA256, haruffa da lambobi 64, tamkar zanen yatsan fayil ɗin. Ki buɗe PowerShell, wurin rubuta umarni a Windows, ki rubuta Get-FileHash, ki bar tazara, ki jawo fayil ɗin da linzami ki sake shi a wurin, ki latsa Enter. Jim kaɗan lamba za ta fito. In ta yi daidai da ta shafin, bismillah. In harafi ɗaya ya saɓa, a sake saukewa.

Filashin ya kai gigabait 8, kuma ki sani duk abin da ke ciki zai tafi. A Rufus ki duba sunan filashin da girmansa a layin sama, kada ya zama faifan da kika ajiye hotuna ne. Ki zaɓi fayil ɗin ISO. Inda aka tambayi tsarin faifai, GPT ko MBR, yawancin kwamfutocin da suka fito daga 2012, zamanin Windows 8, GPT suke so.

Idan Rufus ya gama rubutawa, ki sake kunna kwamfutar kina ta latsa madannin zaɓen inda za ta tashi tun kafin tambarin Windows ya bayyana. A Dell da yawancin Lenovo F12 ne, a HP F9 ko Esc. Sunan filashinki zai fito a jeri, ki zaɓe shi.

Nan ne wurin da na fi ƙauna. Linux zai buɗe cikakke daga filashin ba tare da ya taɓa faifanki ba. Gani ya kori ji, don haka kada ki yi gaggawa. Ki haɗa Wi-Fi, ki kunna sauti, ki gwada kyamara da firinta, ki buɗe ɗaya daga takardun aikinki a LibreOffice, makwafin Microsoft Office da ke zuwa da Mint, ki ga ko jadawalin makin ɗalibai ya zauna yadda yake. Wani lokaci tsarin takardar Word kan ɗan goce, kuma Microsoft Office da Photoshop ba sa girkuwa kai tsaye a Linux. Gara ki san haka yanzu. Zai yi ɗan nauyi a wannan gwaji, saurin filashi ne ya jawo, ba halinsa ba ne. In Wi-Fi ya ƙi, ki jona wayarki da kebul ki ba shi intanet, daga baya manhajar Driver Manager ta Mint kan samo abin da ya rage.

Sai girkawa, kuma caja na jone. Bayan harshe da madannai za a kawo ki shafin faifai. Zaɓin da ya fara da "Erase disk" shi ne mai shafe komai, har Windows. Wanda ke da kalmar "alongside" yana ajiye Linux kusa da Windows, duk kunnawa ki zaɓi wanda kike so. Ga mai farawa irinki na biyun nake ba da shawara, muddin akwai fili: Mint na neman aƙalla gigabait 20, amma ki ba shi fiye da haka sosai. Kafin nan ki koma Windows ki kashe Fast Startup, saitin tashi da sauri, in kuma faifan na kulle da BitLocker ki rubuta lambar buɗe shi mai lambobi 48 a takarda, sannan ki kashe kullen. Zaɓi na uku, na yanka faifai da hannu, ki bar shi tukuna.

Idan an gama girkawa kwamfutar ta ce a cire filashi, ki cire ki latsa Enter. Da ta buɗe, ki fara da Update Manager ki saukar da gyare-gyare, sannan ki kunna Timeshift ya riƙa ajiye hoton tsarin, yadda in wani abu ya ɓaci za ki iya komawa baya. Shi Timeshift tsarin yake karewa, ba ya ajiye hotunan yara sai an sa shi, don haka wancan faifan na waje ya ci gaba da zama a ajiye. In wani saƙo ya tsayar da ke a hanya, ki ɗauki hotonsa da waya ki aiko mana tare da sunan samfurin laftof ɗin.