Amsa ga ƙanwarmu mai son kai Baba Stonehenge

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu na karanta tambayarki, kuma wallahi raina ya sosu, don wannan ciwon na san shi. Kin ce bara kin biya kuɗi masu tsoka kin bi motar 'yan yawon buɗe ido daga Landan zuwa Stonehenge, da'irar manyan duwatsun nan ta mutanen dā a kudancin Ingila, kika dawo ba abin da kika gani sai duwatsu daga bayan igiya. Yanzu ga Baba zai zo bikin kammala karatunki a Disamba, yana son ganin wurin, ga shi da ciwon gwiwa, kina tambaya ko a koma ko ku tsallaka Ayilan ku ga tsohon kabarin Newgrange. Ku koma, wurin ya isa a koma masa. Amma don Allah kada ki saka dattijon nan a irin waccan motar.

Abin da masu irin waɗannan motoci suke yi wa mutane bai dace ba. Su haɗa miki Windsor da Stonehenge da Bath a yini guda, su buga hoton duwatsun kamar za ki tsaya a tsakiyarsu, alhali sun san ba haka ba ne. A tashi tun duku-duku, a shiga cunkoson hanyar A303, wadda kowa ya san tana toshewa daidai kusa da duwatsun saboda hanyar ta ƙuntace a wurin kuma direbobi suna rage gudu don kallo. Duk mintin da aka ɓata a hanya daga lokacinki na Stonehenge za a cire shi, tunda sauran zangon ba a taɓa su. A sauke ku a cibiyar baƙi a ce ku dawo bayan awa ɗaya da rabi ko ƙasa da haka, kuma ba wanda zai gaya muku tun a Landan cewa tun 2013 cibiyar tana nesa da duwatsun da kusan kilomita biyu da rabi. Ga layin banɗaki, ga layin ƙaramar bas mai kai mutane, ga layin dawowa. Abin da ya rage na tsayuwa gaban duwatsun bai taka kara ya karya ba, shi ma ido na kan agogo, zuciya na fargabar kada mota ta tafi ta bar mutum a daji. Matashi ma da ƙyar yake sha, balle dattijo mai dogara sanda a cikin iskar Disamba. Sannan a dawo da ku cikin dare a gajiye, ba sallah a kan lokaci, ba abinci na kirki, kuɗi sun tafi, ki zauna kina zargin kanki. Ba laifinki ba ne, haka tsarin yake, kuma sun san abin da suke sayarwa.

Igiyar kuwa ba wulaƙanci ba ce. Tun ƙarshen shekarun 1970 aka hana shiga tsakiyar duwatsun, saboda ƙafafun mutane suna cinye ƙasar, wasu kuma suna sassaƙa sunayensu. Hanyar shiga ciki ita ce ziyara ta musamman da English Heritage, hukumar da ke kula da wurin, take shiryawa da sassafe kafin a buɗe ko da yamma bayan an rufe. Mutane kaɗan ake ɗauka, ba kullum ake yi ba, kuma guraben suna ƙarewa tun da watanni, don haka in kina so ki duba shafinsu yau ɗin nan. Ko a nan ma ba a taɓa dutse.

Ki tsara abinki da kanki. Jirgin ƙasa daga Waterloo zuwa Salisbury kusan awa ɗaya da rabi ne, kuma a bakin tashar akwai bas mai zuwa Stonehenge. Tikitin shiga ki saye shi ta intanet, yana da ƙayyadadden lokaci kuma ya fi na bakin ƙofa sauƙi. Ki zaɓi na safe. Suna daina karɓar mutane awa biyu kafin rufewa, wannan shi ke kama mutane da yawa a hunturu. In kina da katin zama mamba na English Heritage ko National Trust ba za ki biya ba, amma duk da haka ki kama gurbi. Don gwiwar Baba, ƙaramar bas ɗin tana ajiye mutum daf da duwatsun, wani sashe na hanyar zagayen a shafe yake, wani ciyawa ce, kuma ki tambaye su keken guragu tun kafin ranar. Kada ya ji nauyin hawa, zagayen ya fi yadda ido ke nunawa tsawo.

Ki guji ranakun 21 da 22 ga Disamba. Lokacin ne rana ta fi gajarta, ana barin jama'a su shiga da asuba, dubban mutane cikin duhu da sanyi, da masu bautarsu ta gargajiya da kiɗe-kiɗe. Ba wurin Baba ba ne.

Kafin ku isa duwatsun ku shiga ɗakin baje kolin cibiyar, domin wanda bai san abin da yake kallo ba tarin duwatsu kawai zai gani. Ramin da ya kewaye wurin an haƙa shi wajen shekara 3000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), manyan duwatsun kuma an kafa su wajen 2500. Matsakaicin nauyinsu tan 25 ne, an jawo su daga kusa da Marlborough, nisan kilomita 25 ko makamancin haka. Ƙananan masu duhu daga tsaunukan Preseli na Wales suka zo, fiye da kilomita 200. A 2024 bincike ya nuna cewa dutsen da ke kwance a tsakiya daga arewa maso gabashin Scotland yake. Ki nuna wa Baba duwatsun da aka ɗora a sama: an fafe musu gurbi, na tsayen kuma an bar musu ƙulli a kai, suka shige juna kamar aikin kafinta. Akwai wani dogon dutse da abokinsa ya faɗi, ƙullin yana nan tsirara a samansa, ana ganinsa daga hanya. Mutanen da ba su da ƙarfe ne suka yi wannan, da dutse suka sassaƙa dutse.

Amma ni abin da ya fi ci mini rai shi ne ba a gaya wa mutanenmu labarin Avebury, wata da'irar duwatsun ta mutanen dā. Yana arewa da Stonehenge, tafiyar kusan minti 40 a mota, kuma tare UNESCO ta sanya su a jerinta a 1986. Shiga kyauta ne, ba igiya, kuɗin ajiye mota kawai. Da'irarsa ta fi ta Stonehenge girma nesa ba kusa ba, faɗinta ya haura mita 300, har ƙauye ne a cikinta, da ƙaton gwalalo da tudun ƙasa sun kewaye ta. A nan Baba zai tsaya jikin dutse ya dafa shi, ya zauna ya huta, ba mai kora. Inda kuka ga ɗan ginshiƙin siminti, gurbin dutsen da ya ɓace ne. Wani mai binciken kayan tarihi, Alexander Keiller, shi ne ya sa su a shekarun 1930 lokacin da ya tono duwatsun da aka binne ya sake tsayar da su. Da yawa mutanen ƙauyen ne suka farfasa su a ƙarni na 17 da na 18, su hura wuta a jikin dutse, su kwara masa ruwan sanyi ya tsage, su yi gini da shi. Titin mota ya ratsa tsakiyar da'irar ya raba ta kashi-kashi, akwai kwana mai haɗari, ki riƙe hannun Baba wajen tsallakawa. Tumaki suna kiwo a ciki, ƙasa cike da kashinsu, kuma duk ƙofar shinge da kuka buɗe ku mayar da ita yadda kuka same ta. Ba tare da mota ba, jirgi daga Paddington zuwa Swindon, sai bas mai lamba 49. Kada ki yi ƙoƙarin haɗa shi da Stonehenge a yini ɗaya da bas, ba zai yiwu miki cikin daɗi ba.

Tunda na ambaci mota: lasisin tuƙi na gida wata 12 kawai yake aiki daga lokacin da kika zama mazauniya a nan. In kin wuce haka kada ki karɓi hayar mota da shi, inshora ba za ta tsaya miki ba. Ki nemi wani cikin 'yan wannan zaure mai lasisin nan ya kai ku, ki saka masa mai. Kuma duk inda kuka ajiye mota a gefen titi kada a bar jaka a kan kujera, ɓarayi sun san wuraren nan.

Maganar Newgrange, ki ajiye ta a wannan karon. Bizar Birtaniya da Baba zai zo da ita ba ta shigar da mai fasfon Najeriya Jamhuriyar Ayilan, sai an nemi tasu daban, ke ma haka. Wurin kansa abin mamaki ne, an gina shi wajen 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, ya girmi dalar Giza, da lungu mai tsawon mita 19 wanda hasken rana ke ratsawa ta wata 'yar taga sama da ƙofa har cikin ɗakin kabarin na kusan minti 17 a safiyar gajerun ranakun Disamba. Shiga a waɗannan safiyoyin da ƙuri'a ake yi. Lungun matsattse ne, sai an sunkuya an karkace, gwiwa ba za ta so ba. Duk ranar da Allah Ya nufa kika je, kada ki rubuta Newgrange a taswirar waya, za ta kai ki ɗaya gefen kogin Boyne inda ba a shiga. Cibiyar baƙi ta Brú na Bóinne kusa da Donore za ki nufa, daga can ake ɗibar mutane.

In kabarin dā kuke son shiga, West Kennet yana nan kusa da Avebury, kyauta. Dogon tudu ne na kusan mita 100, an gina shi wajen 3650 kafin haihuwar Annabi Isa, da ɗakuna biyar na dutse a bakinsa. A tsakiya mutum yana miƙewa tsaye, na gefe sai an duƙa. Ƙasusuwan da ke ciki an kwashe su tun haƙar 1955 da 1956, in Baba ya tambaya ki gaya masa haka. Matsalar ita ce hawan: daga inda ake ajiye mota a gefen titin A4 kusan rabin mil ne a kan tudu, ƙasar kuma alli ce. Alli in ya jiƙa santsinsa ya fi na sabulu, a nan mutane suke faɗuwa, kuma wajen saukowa suka fi faɗuwa. In an kwana ana ruwa ku haƙura. Ku tsaya daga ƙasa ku kalli Silbury Hill a ɗaya gefen titin, tsauni ne da hannu aka tara shi, ya haura mita 30. Ba a hawansa, an hana, a 2000 ma samansa ya rufta saboda tsohon ramin da masu haƙa suka bari tun 1776. In kun samu shiga West Kennet ku tafi da tocila, kada a kunna kyandir, hayaƙinsa yana ɓata dutsen. Za ku ga furanni da tarkacen da wasu ke ajiyewa, ku bar musu abinsu. Kada a ɗauki ko tsakuwa, lalata irin waɗannan wurare laifi ne a dokar ƙasar.

Kufan garuruwan kan tsauni ba ki tambaya ba, amma na tabbata su za su fi shiga ran Baba, don duk wanda ya san badala da ganuwa yana gani zai gane. Old Sarum a bakin Salisbury yake, bas ɗin Stonehenge ma yana tsayawa kusa da shi. An tayar da ganuwarsa wajen 400 kafin haihuwar Annabi Isa, daga baya Normawa, waɗanda suka ci Ingila da yaƙi, suka gina fada da babbar majami'a a ciki, harsashinta yana nan a shimfiɗe. Alherinsa shi ne mota tana shiga ta tsohuwar ƙofar gabas har cikin ganuwar, ba hawa mai yawa. Ki duba lokutan buɗewarsa na hunturu. Maiden Castle na kusa da Dorchester ya fi shi girma sosai, ganuwa bayan ganuwa, amma hawansa da iskarsa ba na mai ciwon gwiwa ba ne, ki bar shi sai bazara ke da ƙawayenki. A lokacin ki cusa ƙafar wando cikin safa saboda kaska a doguwar ciyawa, tana sa ciwo, kuma ku nisanci shanu masu 'yan maruƙa.

Sanyin filin Salisbury ba irin na cikin Landan ba ne, fili ne fetal ba abin da ke tare iska. Lema ba ta da amfani, juyewa take yi. Ki samo wa Baba rigar ruwa mai hula, dogon wandon ɗumi a ƙarƙashin kaftani, safar hannu, da takalmi mai haƙora a ƙasa, kada ya zo da mai sulɓi. Babbar riga a bar ta sai ranar biki. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 4, Azahar da La'asar da Magariba duk a cikin awa huɗu suke, Baba ya fi mu sanin hukuncin matafiyi, ke dai ki tanadi darduma mai leda a ƙasa da gorar ruwan ɗumi don alwala, alƙibla kuma kudu maso gabas. Abincin halal da wuya a samu a ƙauyukan nan, ki dafa daga gida ki cika fulas biyu da shayi.

In da hali ku kwana ɗaya a Salisbury: ranar farko Stonehenge da safe, Old Sarum da rana, washegari Avebury in gwiwar ta yarda. Allah Ya kawo Baba lafiya, Ya sa albarka a karatun. Ki faɗi ranar da zai sauka tun yanzu, ko a samu mai mota a cikinmu.