Amsa ga ƙanwarmu mai tambaya kan takardar ɓari

Assalamu alaikum. Ƙanwata da kika tambaya ko nan Nijar ana ba mace takarda in ta yi ɓari ko ɗa ya zo babu rai, kamar yadda kika gani ana yi a Ingila, da farko dai sannu, Allah ya ba ki haƙuri ya sa mai ceto ne.

Abin da kika gani gaskiya ne, tun 2024 suke ba da wannan takarda ga wadda cikinta ya zube kafin sati 24, wanda ya wuce haka kuma dama can suna yi mishi rajista. Mu nan ba a zuwa meri karɓar takardar ɓari, amma fa ana rubutawa. Na daɗe ina aiki ɗakin haihuwa nan Maradi, duk wadda ta haihu a likita ana sa ta cikin rajista, in ɗan bai zo da rai ba a rubuta mort-né, har a bambanta ko wajen naƙuda ya rasu ko ya kwana biyu da rasuwa a ciki. A lissafin OMS, hukumar lafiya ta duniya, daga sati 28 ake ƙirga shi haka. Wadda ta haihu gida kuma aka rufe ɗan da dare shiru, to ko'ina babu shi, kuma wallahi wannan na ci mini rai don uwar ta san ta ɗauke shi wata da watanni.

Abin da nake roƙon ki shi ne karnen awo. Kada ki yar da shi, kada ki bari a ce miki a ƙone don ki manta. Kafin a sallame ki ki sa sajifam ta rubuta ranar da abin ya faru, cikin wata nawa ne, awon hawan jininki, rukunin jininki, ko an yi miki wankin ciki, da maganin da aka ba ki. Sau da yawa mace za ta zo da sabon ciki mu tambaye ta na baya ta ce uku sun zube, wata nawa, ba ta tuna ba, me aka ce ya jawo, sai ta ce ai gida an ce wabi ne. Alhali ko hawan jini ne ko zazzaɓin cizon sauro ko ciwon sanyi da ke da magani, ko kuma jininta negatif ne na miji pozitif, wanda akwai allurar da ake yi cikin awa 72 bayan ɓari ko haihuwa don kare ciki na gaba. In babu rubutu sai mu fara lalube daga farko, ita kuma tana ta shan magana wajen dangin miji.

Sai abu guda da mutane ke haɗawa. In jariri ya fito ya yi kuka ko da na ɗan lokaci ne sannan ya koma, wannan ya zo da rai, haihuwa ce da rasuwa, a kai maganar etasibil, wato ofishin rajistar haihuwa da rasuwa, a yi mishi takardunsa cikin kwana 60 kamar yadda dokar 2019 ta ce, in lokaci ya wuce sai an bi ta kotu. Ko a addini malamanmu na Malikiyya da kukan nan suke duba sallar gawa da gado, shi ya sa ki tabbata an rubuta daidai.

In ma an riga an sallame ki ba a cika karnen ba ki koma da shi inda kika haihu, ki faɗi ranar, za su duba rajista. In ke ma'aikaciya ce ki nemi satifika na likita ki kai wurin aiki. Kuma in jini ya ƙi tsayawa ko zazzaɓi ya kama ki ko kina jin wari, kada ki jira arba'in, ki tafi CSI (likitar unguwa) ko CSME (likitar uwa da yaro) ranar nan.