Zan iya barin dish in koma kallo ta intanet ba tare da na rasa ƙwallo ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina biyan kuɗin tashoshin tauraron ɗan adam, amma da na zauna na duba, abin da nake kalla bai wuce ƙwallo da labarai ba. Sauran mutanen gida sun koma YouTube da Netflix. Intanet ɗinmu an ce megabit 20 ne, talabijin ɗin kuma ta shekara shida. Ina so in daina biyan dish, sai dai ina tsoron hoto ya riƙa tsayawa ana tsakiyar wasa, ko data ta ƙare kafin wata ya raba. Me zan tanada, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Za ka iya, amma kada ka yanke biyan dish tukuna. Yadda Netflix ke tafiya sumul a gidanka ba shaida ba ce cewa ƙwallo ma za ta tafi haka. Fim a ajiye yake tuntuni, na'urarka tana janyo na gaba ta tara, ko sabis ya ɗan yi tuntuɓe ba za ka sani ba. Wasan kai tsaye kuwa yanzu ake buga shi, babu wani na gaba mai yawa da za a tara, don haka ƙaramar tangarɗa ma a kan allo za ka gan ta.

Kafin maganar na'ura, ɗauko takarda ka rubuta gasannin da ba za ka iya haƙura da su ba. Gasa za ka rubuta, ba tasha ba: Firimiya, Gasar Zakarun Turai, La Liga, wasannin ƙasarka, dambe, ko ma mene ne. Dalili shi ne haƙƙin haska wasa yanki-yanki ake sayar da shi, na 'yan shekaru, kuma kowace gasa da nata ciniki. Firimiya kaɗai ta isa misali. A Amurka tana hannun NBC tun 2013, wasu wasannin sai a manhajarsu ta Peacock. A Afirka kudu da Sahara SuperSport ke haska ta, a Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka kuma beIN. A Ingila, inda ake buga ta, ba a nuna ƙwallo kai tsaye ranar Asabar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yamma, saboda haka mutumin can ko nawa ya biya akwai wasan da ba zai gani ba. Wasu gasannin kuma a intanet ake samun dukkan wasanninsu: gasar MLS ta Amurka tana hannun Apple tun 2023, manhajar wasanni ta DAZN kuma ta haska Kofin Duniya na ƙungiyoyi na 2025 kyauta.

Gaban kowace gasa sai ka rubuta wanda ke da haƙƙinta a ƙasarka a wannan kakar. Shafin gasar kanta yakan lissafa su ƙasa-ƙasa, ya fi talla abin dogara. Nan za ka ga abu biyu. Na farko, sau da yawa kamfanin da kake shirin bari shi ne dai mai haƙƙin, kuma yana da hanyar kallo ta intanet ba tare da dish ba, kamar DStv Stream, ko NOW na Sky, ko TOD na beIN. Na biyu, idan gasanninka sun warwatsu a manhajoji uku ko huɗu, jimillar kuɗinsu tare da na data na iya kamo abin da kake biya yanzu, har ta wuce. Idan lissafi ya nuna haka, mu dai shawararmu ka rage zuwa ƙaramin tsarin dish mai ɗauke da wasanni, sauran kallo ka bar wa intanet. Ba dole ba ne sai an zaɓi ɗaya.

Karanta ƙananan sharuɗɗa ma kafin ka biya. Akwai tsari mai rahusa da aka yi don waya kaɗai, ba ya buɗewa a talabijin, ba ya kuma yarda a tura hotonsa can. Akwai wanda allo ɗaya kawai yake bari a lokaci guda, da zarar wani ya buɗe a ɗaki sai ya kore ka a falo.

Sai data. Lissafinta mai sauƙi ne, kuma gara ka iya shi da kanka: kowane megabit 1 a daƙiƙa yana cin kusan GB 0.45 a awa. Wasan ƙwallo, da hutun rabin lokaci da mintunan da alƙali ke ƙarawa, awa biyu ne. Idan hoton yana zuwa a megabit 3, wasa ɗaya GB 2.7 ke nan. A megabit 6, wanda shi ne kusan inda hoto mai kyau na wasanni yake farawa, GB 5.4. A megabit 8, GB 7.2. Hoton 4K mai cin megabit 20 zai lashe GB 18 kafin a tashi. Mai kallon wasa uku a mako a megabit 6 yana bukatar wajen GB 70 a wata, ƙwallo zalla, ban da YouTube ɗin yara. Idan an ce maka datarka ba ta da iyaka, tambayi ko akwai adadin da in ka kai za a rage maka gudu. Da yawa akwai, kuma ƙarshen wata yake kama mutum.

Wasanni sun fi fim cin data saboda fim hoto 24 ne a daƙiƙa, ƙwallo kuwa 50 ko 60 take so, ga kyamara tana bin 'yan wasa ba hutawa, ga ciyawa da dubban 'yan kallo duk suna motsi. Shi ya sa idan sabis ya yi rauni, fili ne ke fara zama kore guda kamar an shafa fenti, lambobin riga su dusashe, ƙwallo ta riƙa ɓacewa in an doka ta sama. Da a ba ka hoto mai kaifin 1080 mai hoto 25 a daƙiƙa, gara na 720, wanda bai kai shi kaifi ba, mai hoto 50. Ido ya fi jin daɗinsa a wasa.

Megabit 20 ɗinka ya isa allo ɗaya har da rara, in dai da gaske yana isowa inda talabijin take, a lokacin da ake wasa. Wannan sharaɗin shi ne komai. Gwajin gudun da aka yi da hantsi kusa da rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ba ya gaya maka komai. Ka tsaya a bayan talabijin da wayarka, ranar babban wasa, ana cikin bugawa, ka buɗe fast.com ko Speedtest, ka gwada sau uku ko huɗu da tazarar minti goma. Ƙaramar lambar da ka samu ita ce gudunka na gaskiya. Layin da ke tsaye a megabit 10 bai motsa ba ya fi wanda ke hawa 40 ya faɗo 2. Idan rautarka mai layin waya ce, wannan gwajin ya ƙara zama wajibi, domin kai da duk unguwa turke ɗaya kuke sha, kuma lokacin wasa kowa ke buɗe nasa.

Yawancin tsayawar hoto da ake ɗora wa kamfanin intanet, a cikin gida take faruwa, tsakanin rauta da talabijin. Maganin da ya fi kowane shi ne kebul. Igiyar intanet irin Cat5e tana kai mita 100 ba tare da ta rage komai ba, kuma yawancin talabijin na zamani suna da ramin saka ta a baya. Idan jan igiya ba zai yiwu ba, haɗa talabijin da Wi-Fi na 5 GHz, ka bar wa wayoyi na 2.4. Na 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, amma cunkushe yake da na maƙwabta, hanyoyinsa uku ne kacal da ba sa hawa kan juna. Na 5 ya fi sarari da gudu, sai dai bango biyu na siminti sun isa su karya shi. Ɗaga rauta sama, fitar da ita daga cikin kabad, kada ka ɓoye ta a bayan talabijin. Kuma ka tuna rauta ma wuta take ci: ɗaukewar wuta ta daƙiƙa biyu na iya jawo maka jiran minti biyu kafin ta gama tashi ta kama layi. Ƙaramin batirin ajiya na rauta yana rufe wannan ƙofar, tunda abin da take ja bai cika wuce wat 10 zuwa 15 ba.

Talabijin mai shekara shida allonta lafiya lau, ƙwaƙwalwarta ce ta tsufa. Manhajojin cikinta sukan yi nauyi, wasu kamfanonin ma su daina sabunta su. Kada ka sayi sabuwa don wannan. Ƙaramar na'urar kallo da ake soka wa a ramin HDMI ta wadatar, irin Fire TV Stick, Roku, Apple TV ko masu Google TV. Kafin ka zaɓa, tabbatar manhajar wasanninka tana cikin rumbun manhajojin na'urar a ƙasarka, don ba kowace ke ko'ina ba. Ka ba ta wuta daga cajarta a bango. Ramin USB na talabijin sau da yawa ƙarfinsa bai kai ba, sai na'urar ta riƙa mutuwa tana tashi. Ka guji akwatunan Android marasa suna. Manhajojin biya suna duba wani makullin kariya mai suna Widevine, kuma na'urar da ba ta da matakin L1 dusasshen hoto za a ba ta ko da an rubuta 4K ɓaro-ɓaro a kwalinta.

Akwai wani saiti da mutane kaɗan suka sani. Ƙwallon Turai hoto 50 a daƙiƙa ake ɗaukarta, na'urori da yawa kuma a 60 suke fitowa daga masana'anta. Hamsin ba ya shiga sittin daidai, sai ka ga kyamara tana ɗan tsalle-tsalle duk lokacin da ta bi doguwar ƙwallo, ka ɗauka sabis ne. Shiga saitin hoto na na'urar ka kunna daidaita yawan hoto da abin da ake kallo, ko ka mayar da ita 50Hz da hannu.

Abin da ba ya gyaruwa gaba ɗaya shi ne jinkiri, gara ka sani tun yanzu. Tauraron da dish ɗinka ke kallo yana nisan kilomita 35,786, amma zuwa da dawowar saƙo kusan rubu'in daƙiƙa ne kawai, kuma hoto ɗaya ake watsa wa kowa lokaci guda. Intanet kuwa yanka wasan take gunduwa-gunduwa. A tsarin HLS na Apple, wanda manhajoji da yawa ke bi, gunduwar da aka saba daƙiƙa 6 ce, na'ura kuma takan tara uku kafin ta fara nunawa. Daƙiƙa 18 ke nan tun ba a lissafa sarrafa hoton da tafiyarsa ba. Shi ya sa mai intanet yakan kasance baya da daƙiƙa 20 zuwa minti guda: ɗan wasa yana gyara ƙwallo a kan ɗigon fenariti a allonka, ihun maƙwabci mai dish ya riga ya shigo ta taga. Ƙarin gudun intanet ba ya rage wannan, daga can kamfanin yake. Abin da ke hannunka kaɗan ne. Kashe sanarwar manhajojin sakamako, kife wayar, in kuma hoto ya taɓa tsayawa danna alamar kai tsaye don ka kamo, domin kowace tsayawa tana ƙara tura ka baya. Tura hoto daga waya zuwa talabijin ma yana ƙara nasa, buɗe manhajar a na'urar kai tsaye ya fi. Abin da ka samu a madadin haka shi ne hadari da ruwan sama, waɗanda ke ɗauke hoton dish, ba sa taɓa intanet ɗin da ke zuwa ta kebul.

Za ka haɗu da masu tallar dubban tashoshi a kuɗi kaɗan. Ba su da haƙƙin abin da suke sayarwa, kuma ranar babban wasa, lokacin da ka fi bukatarsu, ita ce ranar da ake toshe su ko cunkoso ya durƙusar da su. Babu wanda za ka kai wa ƙara, ga shi ka miƙa bayanan katinka ga wanda ba ka sani ba, ka kuma saka manhajar da ba a tantance ba a layin gidanka. VPN, wato manhajar da ke nuna kamar kana wata ƙasa, don kallon tsarin can ma ya saɓa wa sharuɗɗan yawancin kamfanoni, suna gane shi su rufe, kuma yana ƙara wa hanyar tsawo.

Ko ka daina biya, kada ka sauke dish daga bango. Ƙaramar dikoda ta tashoshin kyauta za ta iya aiki da shi, ko da sai mai gyara ya ɗan juya shi zuwa wani tauraron. Eriya ma tana da amfani idan talabijin ɗinka tana kama tashoshin dijital na ƙasa. Manyan wasanni irin na Kofin Duniya sukan fito a tashoshin kyauta a ƙasashe da dama, kuma jinkirinsu kaɗan ne.

Tsarin da muke ba da shawara shi ne ka haɗa su biyun na wata guda. Biya manhajar na wata ɗaya, ba na shekara ba, ka kalli aƙalla manyan wasanni uku a kanta alhali dish yana nan a ɗaya ramin HDMI. Kowane wasa ka rubuta sau nawa hoto ya tsaya, da datar da rauta ta nuna an ci. Idan wata ya ƙare ba ka koma wa dish ba ko sau ɗaya, sai ka soke shi, bayan ka duba ko akwai sauran yarjejeniya a kanka, ko dikodar ta kamfani ce da za a mayar, ka kuma kashe cirar kuɗi ta kai tsaye daga katinka. Ranar wasa kuma ka riƙa kunna na'urar minti goma sha biyar kafin a take leda, domin lokacin ne manhaja ta fi son neman sabuntawa ko ta ce ka sake shigar da kalmar sirri.