Tambaya da Amsa: Me ya sa ake ɗinke misel kafin ya kai magani cikin jiki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a sashen haɗa magunguna. Tun da ƙwayoyin misel na polima da kansu suke haɗuwa a ruwa, mene ne amfanin ɗinke su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Misel 'yar mitsitsiyar ƙwaya ce da ake ɗora wa magani, kuma da polima ake yin ta, wato sinadari mai siffar doguwar sarƙa. Kowace sarƙar polima ɓangare biyu gare ta: mai son ruwa, galibi PEG, da mai gudun ruwa, irin PLA ko PCL. Idan suka shiga ruwa sai masu gudunsa su dunƙule a tsakiya, PEG ta lulluɓe su, a samu ƙwaya mai faɗin nanomita 10 zuwa 100 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). A tsakiyar nan ake ɓoye maganin kansa irin paklitaksel, wanda ba ya narkewa a ruwa. To amma ba abin da ya riƙe sarƙoƙin sai ƙin ruwan. Da zarar yawan polima ya sauka ƙasa da wani mizani, ƙwayar ta warware. Ki duba kuma, allura ce kaɗan za ta shiga jini mai kusan lita 5, ga albumin da sauran furotin na jini suna fizgar sarƙoƙin da maganin. Sai maganin ya zube tun bai kai ga ƙari ba.

Ɗinki shi ne a ƙulla sarƙoƙin da juna da ɗaurin sinadari, ko a tsakiya ko a ɓawo. Gwanintar tana wajen zaɓen ɗaurin da zai kwance a inda ake so. Ɗaurin salfa biyu yana riƙewa a jini, inda gulutatayon, sinadarin jiki da ke tsinke shi, bai wuce maikuromola 2 zuwa 20 ba, amma ya tsinke cikin ƙwayar halitta, inda ya kai milimola 1 zuwa 10. Ɗaurin haidirazon kuwa tsami yake bi: yana nan daram a pH 7.4 na jini, ya saki a kusan pH 5 na laisosom, 'yar jakar da ke narkar da abubuwa cikin ƙwayar halitta.

Tambaya daga wani mai tambayar daban: Malam, na ɗinke ɓawon misel ɗina, sai girmansa ya yi tsalle, ruwan ya yi dishi-dishi. A wani gwajin kuma ƙwayoyin sun tsaya lafiya amma maganin ya fice cikin sa'o'i kaɗan. Ina kuskuren yake?

Amsa: Matsala biyu ce daban, Malam. Ta farko, ɗinkin ya kama tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Haka ɗinkin ɓawo yake idan ruwan ya yi kauri, domin ɓawon wannan yana gogar na waccan. Ka ƙara tsarma ruwan, ka riƙa ɗiga sinadarin ɗinkin sannu a hankali kana motsawa, ko kuma ka koma ɗinkin tsakiya, inda PEG ke shiga tsakani. Tsarin da aka saba: a narkar da polima da magani a ruwan sinadari mai narkarwa irin DMSO ko DMF, a ɗiga cikin ruwa, a yi ɗinkin, a wanke da dayalisis, wato tacewa ta siririn tantani, har sauran sinadarai su fita, sannan a tace da matatar maikuromita 0.22. Idan matatar ta toshe, ƙwayoyin sun manne ke nan. Don ka tabbatar ɗinkin ya kama, ka zuba samfurin a DMF ko ka sa masa SDS, sinadari mai aiki kamar sabulu, ka sake aunawa da na'urar DLS mai auna girman ƙwayoyi. Wanda bai ɗinku ba zai ɓace; wanda ya ɗinku zai ɗan kumbura kawai.

Ta biyun ce ta fi yaudarar mutane. Ɗinki sarƙoƙi yake riƙewa, ba magani ba. Ƙwayar ta zama kwando: komai ƙarfin saƙarsa, ruwa zai bi ta kafofin. Maganin da aka cusa kurum zai sulale ya bi albumin, ita kuwa ƙwayar ta ci gaba da yawo fanko. Abin yi shi ne a ƙulla maganin kansa a jikin tsakiyar da ɗaurin da ke kwancewa a hankali. Haka kamfanin Cristal Therapeutics na ƙasar Holan ya yi da maganin kansa na dosetaksel a samfurinsa mai suna CPC634, ƙwaya mai kusan nanomita 65. Kuma kada ka auna sakin magani a ruwan gishiri zalla, ka sa ruwan jini a gwajin, in ba haka ba sakamakon zai yi maka daɗin baki.

Kada kuma ka ce bari ka tsananta ɗinkin. Idan ya yi yawa maganin ba zai fita ba ko an isa, kuma ƙoda ba ta tace abin da ya haura kusan nanomita 6, don haka dole ƙwayar ta iya farfashewa bayan ta gama aiki.

Tambaya: Ana ba majinyata irin wannan yanzu?

Amsa: Misel marar ɗinki, eh: Koriya ta Kudu ta amince da Genexol-PM, misel mai ɗauke da paklitaksel, a 2007. Shi kuwa CPC634 an kai shi mataki na biyu na gwaji a kan masu kansar ƙwan mace. A nan muke cewa a yi hattara da zumuɗi, domin wani nazari na 2016 da ya tattara gwaje-gwajen ɓeraye ya nuna matsakaicin abin da ke isa ga ƙari daga irin waɗannan ƙananan ƙwayoyi kashi 0.7 ne cikin 100 na abin da aka yi allurarsa.